Kabarin Sarki Nomau a Gandarma

A shekara ta huɗu da hawan Sarki Barmo gadon sarautar Kurmasa, ƙasa tana zaune lafiya, rumbuna cike suke, fatake na shiga da fita ba mai tare musu hanya. Amma zuciyar Sarki ba ta taɓa kwanciya ba ko da yini guda, kuma dalilin bai wuce kabari ɗaya ba.

Mahaifinsa, Sarki Nomau, ya bar 'ya'ya maza biyu. Barmo ne babba. Ƙaramin, Tunau, an haife shi ne bayan an shekara goma sha biyar ba a ji kukan jariri a gidan ba, uban kuwa ya ɗora masa so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Ya naɗa shi Ciroma tun gemu bai tsiro masa ba, ya ba shi Gandarma, garin kan iyaka da ke tafiyar kwana uku gabas da birni. Da Nomau zai fita yaƙinsa na ƙarshe, Tunau ya ɗauka, ya bar Barmo da tsaron gari. A hanyar dawowa raunin mashi ya ruɓe masa a cinya, aka sauke shi a Gandarma, ya cika, kansa yana bisa ƙafar Tunau. Tunau ne ya yi masa wanka, Tunau ne ya shiga rami ya kwantar da shi. Barmo ya iso bayan kwana huɗu, bai tarar da komai ba sai tudun jar ƙasa da aka yayyafa wa ruwa.

Masu zaɓen sarki suka ba Barmo rawani kamar yadda aka gada. Tunau ya zo ya yi mubaya'a, bai ja ba. Sai dai Nomau sarki ne da talakawa suka so, don haka duk ayarin da ya biyo gabas sai ya tsaya a Gandarma ya yi masa addu'a. Ciroma ya kewaye kabarin da katanga, ya dasa bedi a bakin ƙofa. Sannu a hankali wata magana ta fara yawo a kasuwanni, har ta shigo fada: wai birni ya gaji rawani, Gandarma ta gaji mai rawani.

Wata ranar Litinin cikin bazara, bayan fada ta cika, Shamaki Arzika, bawan Sarki mai kai saƙo, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce dagatai uku da suka shekara suna rigima a kan fadama sun sasanta.

Sarki ya ce, "Madalla. Wa ya sasanta su? Ban ga sun zo gabana ba."

Shamaki ya sunkuyar da kai. "Zaki, Gandarma suka je. A gefen kabarin marigayi suka dafa Alƙur'ani, gaban Ciroma."

Mai fifita ya rage hannu. Sarki ya ɗaga kai ya dubi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku da kuka naɗa ni, ku faɗa mini. Sarki nawa ne a ƙasar Kurmasa?"

Madawaki Gagare, shugaban mayaƙa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. "Ɗaya ne, Zaki. Wanda ya ce biyu ne, takobina zai gyara masa lissafi."

"To me ya kai dagataina Gandarma? Na san abin da za ku ce. Za ku ce ba wurin Tunau suke zuwa ba, wurin ubansa suke zuwa. Ubansa! Sai ka ce ni daga kogon kuka na faɗo. Sarakuna goma sha ɗaya ne kwance a bayan wannan soro, kowanne kusa da wanda ya haife shi. Nomau kaɗai aka bari a bakin daji kamar baƙo. Na yi niyyar in ɗauko mahaifina in kawo shi cikin iyayensa. Liman, Alkali, me shari'a ta ce?"

Liman Haliru ya riga Alkali buɗe baki. Shi ne limamin fada, ya girmi Alkali Ɗayyabu da shekara tara, kuma ya daɗe yana jin zafin yadda mutane ke wuce zaurensa su kai wa Alkali tambaya.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Malamanmu sun halatta a ɗauke mamaci daga kabari zuwa kabari idan akwai maslaha. Sun ce in ana tsoron ruwa ya ci shi, ko namun daji su tone shi, a ɗauke. Sun ce in don a kai shi cikin danginsa ne, ko don iyalinsa su sami sauƙin ziyara, babu laifi. Kuma ya tabbata cewa wani daga cikin Sahabbai ya tone mahaifinsa bayan wata shida ya sake masa wuri, saboda ransa bai kwanta da inda aka sa shi ba, kuma ba wanda ya zarge shi. Sarki ɗa ne yana neman ubansa. Ban ga abin hani a nan ba."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Liman ya faɗa!"

Alkali Ɗayyabu ya jira har hayaniya ta lafa. Tsoho ne siriri, mai ƙaramar murya, sai an yi shiru ake jin sa.

"Allah ya taimaki Sarki. Liman ya karanta rabin shafi ya rufe littafi. Abin da ya faɗa yana nan, amma malaman da suka halatta sun gindaya sharaɗi: kada jikin ya fashe ko ya rarrabe wurin ɗauka, kada a keta alfarmar mamaci. Sahabin da Liman ya ambata shahidi ne mahaifinsa, ya same shi kusan kamar ranar da aka sa shi. Sarki Nomau kuwa damina huɗu ta zuba a kansa. Duk wanda zai ɗauko shi yau, ƙashi zai tsinta ɗaya-ɗaya ya tara a zane. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Kabari gidan mai shi ne, an tsare masa shi muddin akwai saura daga jikinsa, ba a buɗe shi sai da lalura. To ina lalurar? Ruwa ba ya kai masa, a kan tudu yake. Kura ba ta kai masa, katanga ta kewaye shi. Ƙasar ba ta ƙwace ba ce balle mai ita ya ce a fitar masa. In kuwa dangi ake so, ɗansa na cikinsa ne ke share wurin kullum safiya."

Sarki ya gyara zama. "Ɗansa na cikinsa. Ni fa, Alkali?"

"Kai ma ɗansa ne, ranka ya daɗe, kai ne ma babba. In ziyara kake so, tafiyar kwana uku ce. Ka hau ka je ka tsaya a kansa ka roƙa masa gafara, ita ce kaɗai abin da zai amfane shi. Shekara huɗu ke nan ba ka je ba."

"In je in yi sallama a ƙofar ƙanena, in jira ya ba ni izini in ga ubana?"

"Ranka ya daɗe, maslahar da malamai suka ce, ta mamaci ce da iyalinsa. Wannan da nake ji yau ba ta Nomau ba ce."

Wani dogari ya yi taku ɗaya gaba, yana jiran umarni. Kafin Sarki ya yi magana sai aka ji gyaran murya daga gefen hagu, inda Magajiya Kumatu take zaune a kan buzunta. Yayar Nomau ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita kaɗai ce a Kurmasa ke iya yi wa Sarki magana ba tare da ta faɗi ba.

Ta ce, "Ɗana, ni na san abin da ke cin ka. Ina nan ranar da Nomau ya ɗora Tunau a gaban sirdinsa ya zaga gari, kai kuwa saurayi kana ƙasa riƙe da linzami. Ina nan ranar da ka kawo masa kan ɓaunar da ka kashe, ya ce a ajiye, ya ci gaba da wasa da yaron. Bai yi maka adalci ba a wannan, kuma na faɗa masa yana da rai. Amma abin da bai ba ka ba yana numfashi, ƙasusuwansa ba za su ba ka ba."

Idon Sarki ya kaɗa ya yi ja. Ya ce a hankali, "Gwaggo, ko ƙasusuwan ne, su zama nawa."

Sannan ya ɗaga murya. "Liman ya rubuta fatawarsa. Shamaki, ka ɗauki doki fari da alkyabba ka kai wa Ciroma tare da takarda. Ka ce masa nan da kwana goma sha biyar zan aiko da makara, ya buɗe mata ƙofa. Kai kuwa Alkali, ba zan taɓa rawaninka ba don furfurarka. Amma duk ranar da za a ɗauko mahaifina, kana tsaye a wurin, da idonka za ka gani."

Alkali ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Zan tsaya. Allah ma yana gani."

Shamaki ya kwana bakwai ya dawo, dokin da alkyabbar suna biye da shi. Ya faɗi gaban Sarki bai ɗago ba sai da aka ce ya yi magana.

"Zaki, Ciroma ya karɓe ni da girma. Ya miƙe tsaye aka karanta takardarka. Ya ce in gaya wa Yayansa: rawani nasa ne, ƙasa tasa ce, dokina da takobina nasa ne, ya kira ni duk inda yaƙi ya tashi in zo in mutu a gabansa. Amma hannun da ya rufe Nomau ba zai buɗe shi ba. Ya ce maganar Alkali ta riga ni isa Gandarma, malaman garin duk sun bi ta."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Shamaki ya ƙara kifa goshi a ƙasa.

"Na ce shi ke nan?"

"Zaki, ka yi mini aikin gafara, ɗan aike ba ya laifi. Da zan hau, ya riƙe linzamina ya ce in ƙara da wannan. Ya ce kwana biyu marigayi ya yi yana jinya a hannunsa, ya nemi ruwa, ya nemi a juya shi gabas, ya kira sunan Tunau sau da yawa. Ya ce bai ji ya kira sunan kowa ba bayan wannan."

Sarki ya miƙe tsaye, abin da ba a taɓa gani ba fada tana zaune. Kowa ya zube.

"Madawaki, kwana nawa za ka tara mini dawaki dubu biyu?"

"Biyar, Zaki."

"Na ba ka huɗu."

Ranar tashi, da hantsi, aka fito da babban tambari bakin ƙofar gabas. Sarkin tambari ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu, a na uku fatar ta tsage daga baki zuwa baki. Dawaki suka zabura, mayaƙa suka shiga kallon juna. Madawaki kansa, wanda ba a san shi da tsoro ba, ya matso ya ce a ɗaga tafiyar zuwa wata rana. Liman ya ce camfi ne, camfi kuwa ba ya cikin addini, zafin rana ne ya busar da fata. Sarki ya juya ga Alkali, wanda ke kan wata tsohuwar goɗiya a bayan laima, ya ce, "Kai fa, me ka gani?"

Alkali ya ce, "A wannan Liman ya yi gaskiya, ranka ya daɗe, fata ce ta bushe. Ba sai tambari ya fashe ba kafin a san Musulmi za su je su zubar da jinin Musulmi a kan abin da Allah bai sa su ba. Alfarmar mai rai ta fi ta kabari. Da ka fasa tafiyar nan, da ko ni na tuka maka tuwon dawowa."

Sarki ya kaɗa linzami, rundunar ta bi shi.

Ran kwana na uku suka hango Gandarma bisa tudunta, da ganuwarta ta jar ƙasa. Ciroma bai tsaya a bayan ganuwa ba. Ya fito da dawaki ɗari huɗu ya ja daga a busasshiyar fadamar da ke gaban ƙofar yamma, amininsa Barde Mantau yana damansa. Bayansu kuwa mutanen gari ne, manoma da maƙera da masu rini, har da malamai da ɗalibansu, wasu da baka, wasu da gatari, wasu da sanda kawai. An gaya musu a masallaci cewa wanda ya mutu yana kare kabarin Musulmi daga tonon zalunci bai yi asara ba, kuma sun yarda.

Sarki ya kira Madawaki ya ce, "A faɗa wa kowa, ba na son a kashe Tunau. A kamo mini shi da rai. Ina so ya tsaya ya ga an fito da makara daga gidansa."

Aka busa ƙaho. Madawaki ya tura 'yan lifidi gaba, masu dawakin da aka lulluɓe da auduga, suka tafi a jere kamar bango yana tafiya. Mutanen Gandarma suka tarbe su da kibau, suka ƙone lifidi da dama da kibiyar wuta, har sahun farko ya watse. Sau biyu Kurmasa na kai hari ana mayar da ita. Amma tun da farko Madawaki ya riga ya tura 'yan baka ɗari uku ta cikin wani kwari da ya zaga arewacin fadamar. Rana na tsaka suka ɓullo a bayan Barde, suka yi wa ɓangarensa ruwan kibau. Barde ya juya dokinsa ya fuskance su, kibiya uku suka same shi kafin ya faɗi. Da faɗuwarsa ɓangaren dama na Gandarma ya karye, manoma suka fara ja da baya zuwa ƙofa, dawaki na tattake su.

Ciroma ya ga abin da ya faru. Maimakon ya koma gari, sai ya tara barade talatin da suka rage a gefensa, ya nuna laimar Sarki da mashi. Suka keta tsakiyar rundunar Kurmasa, ana sara ana suka, talatin suka koma goma, goma suka koma huɗu. Ciroma ya matso har Sarki ya ga fuskarsa, fuskar da ta fi kowace kama da ta Nomau. Dogarai suna ihu, "Da rai! Da rai!" Amma wani ɗan baka da bai ji umarnin ba, ko ya ji tsoro ya mance, ya saki kibiya mai dafi ta shige ƙarƙashin hammatar Ciroma inda sulke bai rufe ba. Ya saki mashi, ya rungumi wuyan doki, aka sauko da shi.

Kafin azahar ta wuce dattawan Gandarma sun buɗe ƙofa sun fito ba rawani.

Sarki bai sauka a gidan sarauta ba, bai sha ruwa ba. Ya zarce kai tsaye zuwa kabarin. Aka shigo da sabuwar makara da likkafani na farin saƙi da ya sa aka ɗinka tun a birni. Aka tsayar da Alkali a gefe ɗaya, Liman a ɗaya gefen. Aka ɗauko Ciroma a kan tabarma aka ajiye shi a inuwar bedi, leɓunansa sun fara baƙi, dafi na hawa.

Sarki ya ce a haƙa. Bayi huɗu suka tsaya riƙe da dagi, ba wanda ya motsa. Sarki ya fizge dagin daga hannun na kusa da shi, ya kafa shi a tudun da kansa. Sai sauran suka kama.

Ba su daɗe ba babbansu ya dakata, ya damƙi ƙasar ya murza ta a tafin hannu. "Zaki, wannan ƙasa ba ta shekara huɗu ba ce. Tana da laushi."

"Ci gaba."

Suka kai ga itatuwan da ake jerawa a rufe 'yar kabari, wato ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci. Itatuwan ɗanyu ne, ganyen da aka shimfiɗa a kansu bai gama bushewa ba. Aka ɗaga na farko, aka ɗaga na biyu. Sarki ya durƙusa ya leƙa. Ba ƙashi, ba tsumman likkafani, ba komai, sai sawun yatsu a jikin ƙasa.

Liman ya ja da baya har ya jingina da katanga. Sarki ya miƙe, ya taka zuwa inuwar bedi, ƙasa na zuba daga gwiwoyinsa.

"Ina yake?"

Ciroma ya buɗe ido da ƙyar. "Sannu da zuwa, Yaya. Ka daɗe ba ka zo ba."

"Tunau, ina mahaifina?"

"Ranar da Shamaki ya juya, na san za ka zo, na kuma san ba zan iya da kai ba. Na rufe ƙofar nan yini biyu, na ce ana gyaran katanga. Ni da Barde ne, mu biyu kawai. A rigata na naɗe shi. Mun kai shi inda ba alama, ba dutse, ba itace."

Sarki ya waiwaya. "A kawo mini Barde!"

Madawaki ya ce, "Zaki, Barde yana fadama. Shi ne na farko da ya faɗi cikin manyansu."

Alkali ya matso. "Ciroma! Kai ne ka aiko cewa hannun da ya rufe shi ba zai buɗe shi ba. Da maganata ka tara mutanen nan. Sama da mutum ɗari uku suna kwance a fadama, maƙera da manoma da masu karatu, sun mutu suna tsaron ramin da ba kowa a ciki. Abin da na hana Yayanka, kai ka aikata shi da hannunka?"

Hawaye ya gangaro wa Ciroma zuwa kunne. "Allah ya gafarta Malam, na san hukuncin. Yadda ka faɗa haka na same shi. Na kama hannunsa in ɗaga, ya rabu a hannuna. Tun ranar ban iya cin abinci da wannan hannun ba. Amma duk lokacin da na tuna Yaya zai shiga birni da shi, mutane na guɗa, ni a bar ni da rami, sai in kasa." Ya juya ido ga Sarki. "Kai ka sami gari, ka sami rawani, ka sami fada. Shi kaɗai ne nawa."

Sarki ya zube a gefen tabarmar. Fadawa suka kau da kai, don ba a kallon sarki a durƙushe.

"Tunau, na yafe maka yaƙin nan. Gandarma taka ce, kai da 'ya'yanka. Ka faɗa mini kawai, gabas ko arewa? Cikin gari ko daji? Wallahi ba zan taɓa shi ba. Alkali shaida ne, ba zan ɗaga ko tsakuwa ɗaya ba. In tsaya kawai a kansa in yi masa sallama. Ban gan shi ba, Tunau. Kai ka gan shi, ni ban gan shi ba."

Ciroma ya daɗe yana kallon sa. Numfashinsa ya koma sama-sama. Leɓunansa suka motsa, Sarki ya kai kunne. A daidai lokacin Alkali ya durƙusa a ɗaya gefen, ya dafa goshin Ciroma, ya fara faɗa a hankali, "La'ilaha illallah."

Sarki ya ce, "Alkali, dakata! Zai faɗa!"

Alkali bai ɗago ba. "Numfashi ɗaya ya rage masa, ranka ya daɗe, kuma yana da kaya mai nauyi. Ba zan bari ya kashe shi a kan wani abu ba. La'ilaha illallah."

Ciroma ya dubi yayansa, ya dubi Alkali. Ya ja numfashi, ya maimaita kalmar, rabinta a bayyane, rabinta a maƙogwaro. Alkali ya shafe masa ido.

Daga bayan katanga ana jin kukan mata suna fita zuwa fadama neman nasu. Can Alkali ya ce dafi ba ya barin gawa ta jira, ga zafi, sunna kuwa ita ce a gaggauta. Ya ce a yi masa wanka, a sa shi a likkafanin da ke nan. Madawaki ya tambaya ina za a haƙa.

Alkali ya nuna ramin da sanda. "Ga kabari a buɗe, babu kowa a ciki. Ya halatta."

Sarki ya ɗago kai. "A makwancin Baba?"

"Ba makwancin kowa ba ne yanzu, ranka ya daɗe. 'Ya'yansa biyu sun fitar da shi, ɗaya da niyya, ɗaya da hannu."

Aka yi sallah bayan la'asar. Liman ya ce muryarsa ta dushe, Alkali ne ya ja. Aka saukar da Ciroma, aka juya shi gabas, aka mayar da ɗanyun itatuwan da shi da kansa ya sara, aka tura ƙasa. Sarki yana tsaye har aka gama yayyafa ruwa. Shamaki, wanda ke kusa da shi, ya ji ya ce a ƙasan maƙoshi, "Har wannan ma shi ya samu."

Da suka fito, Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwar nasara, ya ce gari ya kamu, ganuwa na hannun mutanensa, sannan ya tambaya me za a yi da makarar. Sarki ya juya masa baya. Yana tsaye a bakin ƙofar, daga nan kan tudu ana ganin ƙasar Gandarma duka, gonakin da aka share ana jiran ruwa, kwaruruka, surin gara, gindin duwatsu, har inda daji ya fara. Ya bi su da ido a hankali daga arewa zuwa kudu. Duk inda ƙasa ta ɗan yi tudu, sai idonsa ya tsaya a wurin.